Tsadar Fetur Da Gyaran Babura A Ƙasar Haɗejiya

Tun ran 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kowane mai babur ya zama akawun kansa, kullum yana lissafin lita da nisan hanya. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. An ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa naira 70,000 a watan Yuli, 2024, amma duk mai iyali ya san ƙarin bai kamo tsadar ba.

Wannan al'amari ya shafi ƙasar Haɗejiya ƙwarai. A zamanin En'e, malamin haraji da malamin daji da malamin tsabta bisa doki ko keke su ke rangadi. Tun 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e, yau kuwa babur ne ya gaji dokin. Shi ke kai malamin makaranta ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa da Kaugama, shi ke fito da shinkafa da kifi daga fadamun Guri da Kirikasamma, shi ke ɗauko mara lafiya daga lungunan Birniwa da Malam Madori ya kawo shi asibiti. Saboda haka abin da a ke yi wa injinsa a gindin bishiyar bakanike magana ce ta tattalin arzikin gida, ya kamata a dube ta da idon basira.

Al'adu biyu

Akwai al'adu biyu da suka yaɗu tsakanin masu babura. Ta farko ta samari ce. Su kan sa a fasa salansa a zare abin da ke cikinta, ko a musanya ta da buɗaɗɗen bututu, wani ma ya sa a cire akwatin matatar iska, wadda kanikawa ke kira iyakilina, wai don inji ya sha iska ya ƙara gudu. Ta biyu ta magidanta ce, tsadar mai kuwa ta ƙara mata ƙarfi. Mutum ya kan je ya ce a matse masa kafireto don babur ya rage shan mai. Na farko ƙarfi ya ke nema, na biyu rangwame. Abin mamaki, duka biyu cuta guda su ke jawo wa inji. Sau da yawa ma su kan haɗu a babur guda, domin malami ya kan sayi na hannu wanda wani yaro ya riga ya fasa wa salansa, sa'an nan shi kuma ya sa a matse mai.

Yadda inji ke aiki

Inji ba ya cin fetur tsagwaronsa, sai an gauraya shi da iska. Ma'aunin da masana suka tabbatar shi ne, kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. Idan aka juya lissafin zuwa abin da ido ke gani, lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000, watau cikin duro 45 irin na lita 200. Matata ce ke tace wannan iska, kafireto ya auna mata mai, salansa ta fitar da hayaƙin bayan an ƙone. Waɗannan uku kamar duwatsun murhu su ke. Wanda ya gusar da ɗaya, lalle ne ya gyara zaman sauran biyun, in ba haka ba tukunya ta karkace.

Masu ƙera Boxer da Jincheng da TVS da Haojue sun auna ƙofofin mai na cikin kafireto, waɗanda a ke kira jet, daidai da matata da salansar da suka ɗaura. Idan aka cire matata, iska ta kan shigo a sake, zuƙar da ke jawo mai daga cikin jet kuma ta ragu. Idan aka buɗe salansa, yadda inji ke shaƙa da fitarwa ya sake. Sakamakon shi ne iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Wanda ya matse kafireto shi ma nan ya nufa, ta wata ƙofa dabam.

To, mene ne laifin ƙarancin mai? Laifinsa zafi. Waɗannan ƙananan babura ba su da tankin ruwa irin na mota, iskar hanya kaɗai ke sanyaya su, ɗan rarar man da ke shiga kuma yana taimakawa wajen rage zafin kan inji. Don haka ne masu ƙira su kan bar mai ya ɗan rinjaya sa'ad da aka murɗe totur duka. A watannin Afrilu da Mayu zafin Haɗejiya ya kan wuce digiri 40, ga buhu biyu a baya, ga rairayi a ƙasa, babur na tafiya a hankali iska ba ta bugunsa. Idan a kan wannan aka ƙara masa ƙarancin mai, bawul ya kan ƙone, fistin ya kumbura ya kama, sai ka ji an ce inji ya buga. Tsofaffin babura masu cin baƙin mai tare da fetur sun fi saurin lalacewa, domin a wurinsu siffar salansa tana cikin aikin injin kansa.

Ƙarin ƙarfin da a ke nema kuwa bai taka kara ya karya ba. Injin Boxer mai cc 100 ƙarfin doki bakwai zuwa takwas ya ke da shi. Ko da an yi gyaran bisa ƙa'ida, abin da za a ƙara ɗan kaɗan ne, a can ƙarshen gudu. Sau da yawa ma buɗaɗɗiyar salansa ta kan rage jan da inji ke yi a ƙaramin gudu, wanda shi ne mai kaya ke bukata cikin yashi da taɓo. Kunne ne ke jin ƙara, sai mai hawa ya zaci ƙarfi ne ya ƙaru. Hausawa sun ce in ka ji ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa.

Ƙura da ruwa

Wannan salon gyara daga wuraren tseren babura na Turai da Amurka da Japan ya samo asali, inda hanya ke shimfiɗe da kwalta, a kan kuma sauke inji a duba shi bayan 'yan tsere kaɗan. Ƙasarmu dabam ce. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta zube ta a kanmu, ban da wadda tayoyi ke tayarwa a hanyoyin burji. Ƙurar nan tana ɗauke da garin yashi mai kaifi. Idan ta shiga inji ta gauraya da baƙin mai, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye ringi da bangon silinda. A tuna da duro 45 ɗin nan na iska bisa kowace lita. Babur da ba shi da matata duk ƙurar da ke cikinsu ya ke haɗiya, bayan 'yan watanni sai ya soma hayaƙi, yana shan baƙin mai, yana wuyar tashi da safe.

Damina kuma da tata fitinar. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta sake, ciyawar kacalla ta toshe rassan kogi da yawa, ruwa ya kan bi inda ba a zata ba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun yanke hanyoyi da dama a jihar Jigawa, masu babura suka riƙa ratsa ruwa don dole. Akwatin matata na asali an yi shi ne bakinsa na sama, a ɓoye ƙarƙashin kujera ko murfin gefe, don ya kare fantsamar ruwa. Buɗaɗɗiyar matata kuwa a fili ta ke. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka idan inji ya zuƙe shi da yawa yana cikin gudu, sandar da ke riƙe da fistin ta kan lanƙwashe nan take.

Lissafin riba da hasara

Bari mu yi lissafi irin na ofis. Mu ɗauka, a misali, malami yana tafiyar kilomita 30 kowace rana, zuwa da komowa, kwana 22 a wata. Ya yi kilomita 660 ke nan. Idan baburinsa na cin kilomita 50 da lita ɗaya, zai ƙona lita 13 da ɗan ɗoriya. Mu ce matse kafireto ya rage masa kashi ɗaya cikin goma. Abin da ya tsira da shi a wata bai kai lita ɗaya da rabi ba. Sai ya je kasuwa ya tambayi kuɗin fistin da ringi da bawul da ladan bakanike, ya haɗa da kuɗin acaɓar da zai biya kwanakin da babur ke kwance, ya ga wata nawa zai yi yana tara litar nan kafin ta biya. Ɗan acaɓa ya fi shi samun ragi domin ya fi shi tafiya, amma injinsa ya fi daɗewa cikin zafi, ranar da ya buga kuwa abincin gidan ne ya tsaya. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Ƙara da doka

Akwai kuma hakkin maƙwabta. Masana lafiyar ma'aikata sun nuna cewa ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85, idan mutum na cikinta awa takwas kullum, tana rage ji a hankali, jin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya komowa. Mai hawa shi ya fi kowa kusa da bakin salansa. Bayansa sai ɗalibai a aji, da marasa lafiya, da masu salla. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hana yawan ƙara a 2009, da na hayaƙin ababen hawa a 2011. Dokar tana nan a rubuce, abin da ya rage shi ne a bayyana wa jama'a ita da harshen da su ke ji.

A ƙasar Indiya, inda a ke ƙera Boxer da TVS, an tsananta dokar hayaƙi tun Afrilu, 2020, har yawancin sababbin baburan da a ke sayarwa a can suka bar kafireto suka koma ga na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ke auna mai da kanta. Irin wannan na'ura ta kan gyara ƙaramin sauyi, babba kuwa sai an sake mata lissafi da kwamfuta. Baburan da suka cika hanyoyinmu masu kafireto ne, ba su iya gyara kansu. Hannun bakanike da idonsa su ne ma'auni.

Abin da ya kamata a yi

Shawararmu ta farko ita ce a bar salansa da akwatin matata yadda aka ƙera su. Mai son ragin mai ya fara da wanke matata, domin wadda ta toshe da ƙura ta kan shaƙe inji ta sa shi shan mai fiye da kima. Ta soso a wanke ta, a bari ta bushe, a shafa mata baƙin mai kaɗan a matse. Ta takarda ba a wanke ta, kakkaɓewa a ke yi, in ta tsufa a sake. Da hunturu a riƙa dubawa kowane mako. A cika iskar taya, a daidaita sarƙa a sa mata mai, a tabbata birki ba ya kamawa, a rage gudu. Waɗannan duka suna rage shan mai ba tare da sun cuci inji ba.

Wanda kuma ya sayi babur da an riga an taɓa, ko ya nace sai ya sake salansa, to ya sani aikin bai ƙare ba sai an daidaita kafireto. Ɗan sukurun da a ke murɗawa a gefe aikinsa a sulo ne da farkon totur kawai. Tsakiyar totur allura ke mulkinta, ƙarshensa kuwa babban jet. Saboda haka bakaniken da ya murɗa sukuru ya saurari inji a tsaye ya ce an gama, kashi ɗaya cikin uku ya duba. Sai an ɗaga allura ko an sa jet mai ɗan faɗi, an hau an gwada da kaya, sa'an nan a kwance fulogi a duba bakinsa. Idan ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, inji na cikin haɗari. Idan ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Idan ya yi launin soyayyar gyaɗa, an dace. Harbin da salansa ke yi sa'ad da aka saki totur, da babur ya riƙa shiɗewa in an murɗa, su ma alamun ƙarancin mai ne.

Yawancin kanikawanmu a hannun iyayen gidansu suka koyi sana'a, suna da basira ƙwarai, kuma galibi abin da mai babur ya nema su ke yi masa. Zai yi kyau ƙananan hukumomin nan takwas su haɗa kai da ƙungiyoyin kanikawa da na 'yan acaɓa, su nemi makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya ta shirya musu gajeren kwas da Hausa a kan auna mai da iska. Malaman makaranta da ma'aikatan ofis kuwa, ku ne masu karatu, ku a ke tambaya a majalisa bayan la'asar. Ku fara kwance fulogin baburanku ku duba launinsa, sa'an nan ku nuna wa na kusa da ku. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka cikin abin hawa.