An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya daɗe yana zaune a Ikko, ko Badun, ko Anacha, ya san akwai wani lokaci da ke zagayowa kamar damina, watau lokacin kame. Sai a wayi gari a ji sanarwa daga bakin hukuma cewa daga rana kaza ba sani ba sabo, duk wanda aka kama ya karya dokar hanya zai ɗanɗana kuɗarsa. 'Yan sanda da sauran ma'aikatan hanya su fito su tsare kowace mararraba, a cika manyan motoci da baburan da aka ƙwace, a kira 'yan jarida su ɗauki hoto. Bayan mako uku ko huɗu ƙura ta lafa, kowa ya koma gidan jiya. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu, mu kuma yi wa hukuma, ita ce: shin abin da ake kamawa shi ne abin da ke kashe mutane a kan hanya?

Bari mu fara da abin da ya fi taɓa mu. Tun a 2012, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, Jihar Ikko ta kafa dokar da ta hana 'yan acaɓa bin hanyoyi 475. Ran 1 ga watan Fabrairu na 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta tsananta, ta hana babur da Keke Napep aiki a wasu ƙananan hukumomi, har da kamfanoni irin su Gokada waɗanda suka yi rajista, suka horar da matuƙansu, suka kuma ba su hular kwano. Sa'an nan a watan Mayu na 2022, bayan an kashe wani saurayi a Lekki aka ɗora laifin a kan wasu 'yan acaɓa, sai aka ba da sanarwar hani baki ɗaya a Ikeja, da Surulere, da Eti-Osa, da Apapa, da Lagos Island da Lagos Mainland daga ran 1 ga Yuni. A watan Satumba aka ƙara da Kosofe, da Mushin, da Shomolu da Oshodi-Isolo. A makon farko na wannan hani an niƙe babura fiye da 2,000 a gaban jama'a.

Ba na cikin masu cewa hukuma ba ta da hujja. Wanda ya taɓa leƙa asibitin ƙashi na Igbobi ya ga abin da babur ke yi wa ƙafar ɗan Adam. Kuma kada wani ya ce don mu 'yan Arewa ne aka yi wannan doka, gama Abuja ta kori acaɓa daga tsakiyar birni tun 2006, Kano kuma ta hana goyo a babur a watan Janairu na 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Gwamnatin da jama'a suka zaɓa tana da ikon cewa ga inda babur zai bi, ga inda ba zai bi ba, kuma wajibi ne baƙo ya bi dokar garin da ya ba shi masauki.

Abin da nake ƙorafi a kansa shi ne ma'aunin da ake auna aiki da shi. In ka saurari jawabin manyan jami'ai bayan kowane kame, lissafin da za ka ji shi ne babura nawa aka ƙwace, motoci nawa aka tsare, mutum nawa aka gurfanar gaban kotun tafi-da-gidanka, tara nawa aka tara. Da wuya ka ji an ce direbobin tanka nawa aka sauke daga kan sitiyari saboda burkinsu ya lalace, ko tirela nawa aka hana fita daga Apapa saboda ba a ɗaure kwantenar da ke kanta ba. Alhali kuwa a nan mutuwa take.

Ku tuna da ran 28 ga watan Yuni na 2018, ranar da wata tankar fetur ta ƙwace a gadar Otedola, a bakin hanyar Ikko zuwa Badun, ta kama da wuta, motoci fiye da 50 suka ƙone, mutane suka mutu a cikin motocinsu suna kan hanyar komawa gida. Ku tuna da ran 29 ga watan Janairu na 2023, ranar Lahadi, da kwantena ta zame daga kan mota a gadar Ojuelegba ta danne wata ƙaramar bas, mutum tara suka riga mu gidan gaskiya, har da yara biyu. Ba a ranar aka fara ba, domin a 2015 ma kwantena ta faɗo daga wannan gada ta kashe mutane. Shekara takwas tsakani, gada ɗaya, musabbabi ɗaya. To, kafin waɗannan motoci su iso inda suka yi ɓarna, shinge nawa suka wuce? Masu kaki nawa suka gan su? Ɗaure kwantena a jikin tirela ba wani ilimi ne mai zurfi ba, wasu ƙugiyoyi ne guda huɗu a kusurwoyinta, wanda ya kewaya motar sau ɗaya zai gane ko an kulle su ko ba a kulle ba. Aikin minti biyu ne. Amma sai a ɗaga wa wannan hannu ya wuce, a ruga da gudu a bi yaron da ya ɗauko fasinja ɗaya a kan babur.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Ɗan acaɓa ba shi da lauya, ba shi da uban gida a ofis, sau da yawa ma ba ya jin Turanci balle Yarbanci. Kama shi ba wuya, kuma babur ɗinsa abu ne da mutum biyu za su ɗaga su jefa bayan mota. Tirela kuwa tana da mai ita, mai ita yana da waya, wayar kuma tana da lambobin manya. Ko an tsare ta, ina za a ajiye ta? Saboda haka ma'aikaci, wanda shi ma ɗan Adam ne mai iyali da ƙaramin albashi, sai ya zaɓi aikin da ba zai jawo masa kira daga sama ba, wanda kuma zai ba shi adadin da zai rubuta a rahoto. Ba na zagin ɗan sandan da ke tsaye cikin rana tun safe. Wanda ya aike shi, ya kuma gaya masa abin da za a yaba masa a kai, shi ne abin tambaya.

Haka zancen takardu yake. Ran 1 ga watan Fabrairu na 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta wa masu motoci mallakar inshora, wadda kuɗinta na ƙaramar mota ya tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 tun farkon 2023. A cikin shekarar 2025 ɗin kuma aka sake tayar da batun takardar izinin baƙin gilashi, har ƙungiyar lauyoyi ta kai ƙara kotu. Inshora abu ne mai amfani, domin ita ce gatan wanda aka buge, in dai ta gaskiya ce ba wadda ake bugawa a bayan tasha ba. Sai dai takarda ba ta tsayar da mota. Mutum yana iya cika aljihun motarsa da lasin da inshora da takardar shaidar lafiyar mota, tayarsa kuwa ta suɗe kamar tafin hannu, idonsa ya yi ja don kwana biyu bai runtsa ba. A shinge takardar za a duba, a gyaɗa kai, a ce Allah ya kiyaye hanya.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, ita da bakinta take faɗa shekara da shekaru cewa gudun wuce kima shi ne kan gaba wajen jawo haɗari. Lissafinta ya nuna mutum fiye da 5,000 sun mutu a kan hanyoyin ƙasar nan a 2023, haka kuma a 2024, ban da waɗanda aka binne ba tare da labarinsu ya kai ofis ba. A 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Mai karatu da ke bin motar dare daga Ikko zuwa Kano ya tambayi kansa ko ya taɓa jin motar da ya hau ta ƙi wuce kilomita 100 a awa. Idan likita ya ce ciwon a ciki yake, me ya sa kullum ake shafa magani a goshi?

Akwai kuma laifin da kowa ke gani, watau bin hannun da ba naka ba. Dokar Ikko ta yi tsanani a kan wannan, har ana ƙwace mota a yi gwanjonta, kamar yadda aka yi wa motoci fiye da 100 a watan Satumba na 2022, aka ga direbobi suna kuka da hawaye. Na yarda laifi ne babba, yana kashe mutane. Amma su wa suka fi kowa aikata shi in hanya ta cushe? Masu jiniya da 'yan rakiya. Direban danfo da ya ga ayarin wani babba ya saɓa hannu, masu kaki na share masa hanya, wane darasi ya koya? Ya koyi cewa dokar tana da ido, tana kuma zaɓen wanda za ta gani.

Yanzu kuma bari in juyo gare mu, domin laifi tudu ne. 'Yan'uwana masu babur, gaskiya ɗaya ce: da yawa daga cikinmu ba mu san alamar hanya ko ɗaya ba. Yaro ya baro ƙauye ranar Litinin, ranar Laraba yana ɗaukar fasinja a Mile 2, ba lasin, ba lamba, danja ta nuna ja ya wuce abinsa. Da aka tilasta hular kwano a farkon 2009, wasu ƙwarya suka kifa a ka, aka yi ta dariya har a ƙasashen waje, amma kwalta ba ta san wasa ba. Mafi muni kuma shi ne ɗabi'ar nan ta taruwa a kan mai mota in ya goge ɗayanmu, kafin a san wa ke da gaskiya. Wannan ɗabi'a ita ta ba masu neman a kore mu hujjar da suka daɗe suna nema, ta kuma shafa wa dubban masu neman halal kashin kaji.

Sa'an nan ga babbar musibar da mu kaɗai ta fi ci: hawa kan tirelar shanu ko ta albasa. Mutum talatin, arba'in, a kan lodi, a yi tafiyar kwana biyu daga Sakkwato ko Potiskum zuwa Ikko don a rage kuɗin mota. In motar ta faɗi, ba a ƙirga gawa sai an kwashe buhuna. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha hana wannan lodi na mutane da kaya da dabbobi, amma motocin suna ratsa jiha bayan jiha, suna wuce shinge bayan shinge, kowa kuma ya san da me suke wucewa. A nan ne za ka ga bambancin kame da kiyayewa. A watan Agusta na 2019 an tsare wata babbar mota a Ikko ɗauke da 'yan Jigawa 123 da babura 48. An yi musu tambayoyi don a san ko miyagu ne, ba a same su da komai ba, aka sake su. Abin da ya kamata a tambaya tun daga Jigawa, watau yaya aka yi mutum 123 suka hau motar kaya, ba shi ne ya dami kowa ba. An ji tsoron su, ba a ji tsoro dominsu ba.

Abin da nake roƙon hukuma ba mai tsada ba ne. A kai ma'aikata inda haɗari yake farawa, watau ƙofar tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can, da wuraren da tankoki ke ɗaukar mai, da kasuwannin da ake lodin shanu da hatsi, a duba burki da taya da ƙugiya kafin mota ta hau titi. A riƙa hukunta mai motar tare da direba, tun da shi ne ya ƙi sayen taya. A daina yaba wa jami'i da yawan abin da ya ƙwato, a tambaye shi mutum nawa suka mutu a yankinsa bara, nawa bana. Shingayen karɓar na goro kuma, waɗanda Sufeto Janar Mohammed Abubakar ya ba da umarnin rushewa a 2012 suka sake tsirowa, a san cewa kowace Naira da aka karɓa a wurinsu tana komawa kan kuɗin tumatir a Mile 12, kuma ita ce ke saya wa mota marar burki izinin wucewa.

Mu kuma namu aikin yana hannun Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da sauran zangonni. Su ne suka san wanda ya sauka jiya da wanda ya ba shi babur. Su rubuta sunan kowane yaro, su tabbata ya yi lasin, su gaya masa unguwannin da aka hana da hukuncin da ke kan mai tuƙi da fasinjansa, su kuma aika wa shugabannin tasha na gida cewa duk wanda ya ɗora mutane a kan lodi za a kai sunansa gaban hukuma. Shugaban da ya yi wannan, in ya shiga ofishin Kwamishinan 'Yan Sanda da littafinsa a hannu ya tambayi dalilin da ya sa kwantena ke yawo ba ɗauri a Ojuelegba, dole a ba shi kujera a saurare shi.