Man Jojoba: Kafin Ki Fitar Da Kuɗinki A Wannan Hunturun

Daga Mubi nake rubuto muku wannan makon, kuma hunturu ya riga ya kankama. Iskar da ke kaɗowa ta kan duwatsun Mandara da asuba ta fara aikinta: leɓe ya bushe, dugadugai sun fara faso, yara sun yi furu-furu kamar an birkiɗa su cikin toka. Lokacin cin kasuwar masu kayan shafa ke nan, kuma bana sunan da nake yawan ji a bakin 'yan mata da matan aure shi ne man jojoba.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, 'yar yayata ce da ke karatu a nan garin. Ta sayi wata ƙaramar kwalba mai wannan suna da kuɗin da aka ba ta na abinci, don mai shagon ya ce mata man yana sa haske, yana tsiro da gashi, yana kuma kashe amosani. Bayan mako uku fuskarta ta yi fayau, ta yi murna. A mako na shida sai ƙananan ƙuraje suka feso mata a goshi da kumatu, fatar ta riƙa zafi idan ta shiga rana. Likitan da ya duba ta ya ce alamun sun yi kama da na wanda ya jima yana shafa maganin sitiroyid, kuma mai yiwuwa shi aka cakuɗa a cikin kwalbar. Sai da ta yi watanni kafin fuskar ta dawo daidai.

Don haka ki riƙe wannan tun daga farko: man jojoba na gaskiya ba ya sauya launin fata. Duk wanda kika shafa kika ga kina yin fari, akwai wani abu a cikinsa da ba a faɗa miki ba.

Mene ne jojoba?

Wata 'yar bishiya ce ta hamada, asalinta yankin Sonora, wato kudu maso yammacin Amurka da arewa maso yammacin Meziko. Ko da yake da harafin "j" ake rubuta sunan, "hohoba" ake furtawa. Akwai namijin itacen akwai macen, kuma macen ce ke yin 'ya'ya, bayan shekara 3 zuwa 5 da shukawa. Kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne. Mutanen asali na wancan yankin sun daɗe suna shafa shi a kan rauni da ƙuna da gashi tun kafin zuwan Turawa.

Duniya ba ta damu da shi ba sai a farkon shekarun 1970. A da, masana'antun kayan shafa da na injuna sun dogara da man da ake samu a kan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kifi, wadda ake kira wel. Da aka kusa ƙarar da ita da farauta, Amurka ta hana shigo da manta, sai aka koma kan jojoba saboda sinadarinsu ya yi kusa da juna. Yau ana noma shi a Amurka da Meziko da Ajantina da Peru da Isra'ila da Masar da Ostareliya. Wanda kika gani a shagunanmu daga waje aka kawo shi, da kuɗin waje aka sayo shi, shi ya sa yake da tsada, kuma shi ya sa ake yawan yi masa algus.

Yadda yake aiki a fata

Sunansa mai, amma a haƙiƙa kaki ne mai ruwa-ruwa, ɗan uwan kakin zuma, ya bambanta da man gyaɗa ko man riɗi. Fatarmu ma tana fitar da nata maiƙon, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan maiƙon irin wannan kakin ne. Wannan kamannin shi ya sa jojoba ke bin jiki da sauri, ba ya barin naso mai yawa, kuma bai cika toshe ƙofofin fata ba. Ga shi ba ya saurin lalacewa ko yin wari, abin da ke da muhimmanci a garin da zafin watan Maris da Afrilu ke narkar da komai.

Aikinsa shi ne ya yi wa fata wani siririn lulluɓi da zai rage tserewar ruwa, ya kuma kwantar da ɓawon da ya tashi. Shi kansa babu ruwa a cikinsa. Saboda haka idan kika shafa shi a busasshiyar fata, rabin amfaninsa kika samu. Lokacinsa shi ne da zarar kin fito daga wanka, jiki da sauran laima.

A fuska ɗigo 2 ko 3 sun isa. Ki murza a tafin hannu ki ɗan danna a fatar, ba sai kin goga da ƙarfi ba. Mai maiƙon fuska ta tsaya a ɗigo 1 ko 2 da dare. Yana kuma cire kwalli da hoda: ɗigo kaɗan a auduga, ki share a hankali, kada ya shiga ido, sannan ki wanke. Maigida ma zai iya shafa ɗigo biyu a gemu ko bayan aski, don rage bushewa da ƙaiƙayi.

Game da ƙurajen fuska, an yi wani bincike a Jamus a 2012 inda aka haɗa man da laka ana shafawa, masu ƙananan ƙuraje da yawa suka ce sun ga sauƙi. Sai dai ba a kwatanta su da wani rukunin da bai shafa ba, don haka hujjar ba ta da ƙarfi. Mai manyan ƙuraje masu ruwa da barin tabo, wurin likitan fata za ta je.

A gashi

Gashinmu mai murɗewa ne, maiƙon fatar kai ba ya iya gangarowa har bakin silin gashi, shi ya sa bakin ke bushewa yana karyewa, musamman da hunturu. A nan jojoba yana da amfani na zahiri. Bayan wanke kai, tun gashi da ɗan danshi, ki shafa ɗigo kaɗan daga tsakiya zuwa baki kafin taje shi. Idan da kitso a kanki, ki sa a bakin yatsa ki bi tsagar sau biyu a mako. Gashin da ya rage karyewa zai yi kamar ya ƙara tsawo, daga nan ne zancen "yana sa tsawon gashi" ya samo asali.

Amma ba ya tsiro da gashi a inda ya riga ya tafi. Sanƙo na gado ba ya jin jojoba. Gaban goshin da ya cinye saboda matsattsen kitso da jan gashi da ƙari, maganinsa na farko shi ne a gaya wa makitsiya ta sassauta hannu, musamman a kan ƙananan yara. Idan aka daɗe ana ja, saiwar gashin na mutuwa, babu man da zai dawo da ita.

Haka amosani. Wani ɓawon kan bushewa ce kawai, mai zai kwantar da shi. Amma amosanin da ke da maiƙo da ƙaiƙayi, wanda ke dawowa kullum, yana da alaƙa da wata ƙwayar cuta dangin naman gwari da ke son wuri mai maiƙo, kuma labta mai na iya ƙara masa ƙarfi. Wannan sai sabulun wanke kai mai magani, irin mai ketokonazol. Yaron da gashinsa ke cinyewa a zagaye kamar sulalla, da farin ɓawo, makero ne. Yana yaɗuwa ta askar wanzami da mataji da hula, kuma maganin sha yake buƙata na makonni daga asibiti.

Yara da jarirai

Kada a ɗiga kowane irin mai a cibiyar jariri, ko jojoba ko man shanu. Abin da hukumomin lafiya na Najeriya suka amince da shi don cibiya shi ne maganin kilohezidin, ki tambaye shi a wurin awo. Sannan man jojoba ba na ci ba ne. Ciki ba ya iya narkar da shi, yana sa gudawa mai maiƙo, ƙwayar kuma tana ɗauke da wani sinadari mai cutarwa. Ki ajiye kwalbar inda hannun yaro ba zai kai ba, kada kuma a shafa a kan nono gab da shayarwa.

Ko babba, ya fara gwadawa a cikin dantse ya jira kwana biyu. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a haƙura da shi.

Idan za ki saya

Ki juya kwalbar ki karanta jerin abin da ke ciki. Na zalla suna ɗaya za ki gani, sunan itacen na kimiyya: Simmondsia chinensis. Idan man fetur da aka tace ko turare ne a farkon jerin, jojoba kuma can ƙarshe, to sunan kawai kika saya. Ki duba lambar rajistar NAFDAC da ranar daina aiki. Wanda ba a tace ba launin zinare gare shi da ɗan ƙamshi kaɗan, tatacce kuma fari ne kamar ruwa, ba shi da ƙamshi.

Akwai ɗan gwaji na gida. Jojoba yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10. Ki sa shi a firij na wasu awoyi: na gaskiya zai yi gajimare ya yi kauri, ya sake narkewa idan an fito da shi. Wanda ya zauna garau kamar yadda aka sa shi, akwai shakka a kansa. Sai dai wasu mayukan girki ma kan yi kauri a firij, don haka gwajin yana kama wasu jabun, ba duka ba.

Ki guji wanda aka ɗura a kwalba marar takarda, da wanda aka ce an "haɗa" shi don haske. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, saboda irin sitiroyid da haidirokwinon da makuri da ake zubawa a mayukan shafa, masu siranta fata da taɓa ƙoda.

Idan aljihu bai kai ba fa?

Ba ki rasa komai ba. Kaɗanya tana fita a dajinmu na Adamawa, kuma a faso da kaushi man kaɗanya ya fi jojoba aiki saboda kaurinsa. Basilin kuwa, duk da arharsa, yana cikin abubuwan da suka fi hana ruwa tserewa daga fata. Ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi na minti 10, ki goge da dutsen kaushi a hankali, ki shafa man kaɗanya ko basilin ki sa safa ki kwanta. Mai ciwon suga kuwa kada ya kankare ƙafa da kansa, faso a wurinsa maganar asibiti ce.

Inda jojoba ya fi su shi ne fuska da fatar kai, wurin da mai mai nauyi ke damun wasu. Idan kin samu na gaskiya, ƙaramar kwalba za ta yi miki watanni a ɗigo biyu-biyu. A jiki kuma ki narkar da man kaɗanya cokali 3, ki zuba jojoba ƙaramin cokali 1, ki juya har ya huce. Zai yi laushi ya fi daɗin shafawa, ya kuma ishi gida duka.

A rage wanka da ruwa mai zafi ƙwarai da sabulu mai kaifi, a shafa wa yara mai kafin su fita makaranta da safe.