A ba ɗalibi mai riƙe da kamara ladansa

A shekarar 1972, a bikin sinima na FESPACO a Wagadugu, Oumarou Ganda ne ya fara ɗaukar babbar kyautar Étalon de Yennenga da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Sunansa na nan a kan gidan al'adu na Yamai, haka kuma ba a manta da Moustapha Alassane ba. Amma a tambayi ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin ofis a Tawa sunan mai ɗaukar hoto ko guda na ƙasar nan, sai ya yi shiru. Ana yaba mai shirya fim, ana tafa wa ƴan wasa, wanda ya tsara haske kuwa sai dai sunansa ya wuce a ƙarshen fim, lokacin da jama'a suka riga suka tashi.

Wannan sakaci ya fi cutar ɗalibai. Makarantar IFTIC ta Yamai ta horar da matasa aikin hoto da sauti, kuma ta nan Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta biyo kafin fim ɗinta Zinder ya zagaya duniya a 2021. Sai dai ɗalibin da ya ga ba a kula da mai kamara, dole ya karkata ga zama mai shirya fim. Sakamakon haka shi ne labari mai daɗi cikin hoto mai duhu, wanda tashoshin talabijin na waje ba za su saya ba.

Alhali kuwa gyaran haske ilimi yake buƙata fiye da kuɗi. Ƙa'idar da ake fara koyarwa ta fitila uku ce: babba daga gefen gaba, ƙarama mai rage inuwa, da ta baya mai raba mutum da bango. Inda kuɗi suka gaza, taga tana tsayawa a madadin babbar fitila, farin ƙyalle ko kwali mai ƙyalli yana mayar da haske a fuska. Ranar tsaka a Sahel tana zurfafa inuwa a idanu, saboda haka gwani yakan zaɓi safiya da la'asar, ko ya shimfiɗa farin mayafi bisa kan ɗan wasa. Hazon hunturu shi kansa yana tausasa haske kyauta. In aka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa fuska yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Hasken rana yana wajen 5600 a ma'aunin Kelvin, na tsohon ƙwan lantarki wajen 3200; wanda ya haɗa su babu lissafi zai ga fuska ta yi ja ko shuɗi. Baƙar fata kuma tana son haske mai faɗi da laushi. Ga fitilun LED masu batir, waɗanda yankewar kuran ba ta tsayar da su.

Wasu ƙasashe sun gane haka. A Amurka, ƙungiyar masu ɗaukar hoton sinima, wadda aka kafa a 1919, tana ba ɗalibai kyauta ta musamman. FESPACO ma tana da kyautar hoto mafi kyau, tana da kuma gasar fina-finan makarantu.

Za a ce ƙasar da ke fama da fari da rashin tsaro tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Gaskiya ne. Amma kuɗin kamara guda da fitilu uku bai kai abin da ake kashewa a bikin aure ɗaya na attajiri ba. Matashin da ya iya haske yana da sana'a: tallar kaya, shirin talabijin, hoton biki.

Ya kamata ma'aikatar al'adu da cibiyar sinima ta ƙasa su kafa kyautar shekara-shekara ta ɗalibi mai ɗaukar hoto, alƙalanta su zama ƴan sana'a, ladanta kuma kayan aiki. Alhazan Maraɗi da Damagaram, da suka saba ɗaukar nauyin kokawa, suna iya ɗaukar wannan. In gomnati ta yi jinkiri, ɗan kasuwa guda ya isa ya fara a bana.