Kare na da mai shi, sai ranar da ya yi cizo

Jama'ar Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da ƙauyukanmu, ina da tambaya guda. Wa ya taɓa ganin mutum ya sayi ragon layya ya sake shi ya kwana yana yawo cikin gari? Rago na da turke, jaki na da dabaibayi, doki na da ragama, raƙumi na da akala. Duk dabbar da ke da daraja a idonmu mun san yadda ake riƙe ta. Amma dabbar da ta fi su duka iya yaga naman mutum, ita muke buɗe ma ƙofa mu ce ta je bola ta nemi abinci.

Kowa a kartiye ya san karen gidan wane. Mai shi har alfahari yake: tun da na kawo shi ɓarawo bai ƙara taka katangata ba. To, ranar da ya kama ƙafar yarinya mai talla, ko almajiri, ko ya kada ɗan kabu-kabu da fasinjanshi, sai zance ya sake: "Ai ba nawa ba ne, zuwa yake yi cin saura." Haba malam! Da yana yi maka gadi naka ne, da ya jawo ordinas ya zama na Allah?

Wanga ba maganar wando da ya yage ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma wajen 40 cikin 100 ɗiya ne da ba su kai shekara 15 ba. Cutar cikin miyan kare take. Tana iya kwanciya a jiki wata biyu ko uku, ciwo ya warke, an manta da cizon, sannan ta tashi. In ta tashi, mutum ya fara tsoron ruwa, babu likitar da ke da magani. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi ma wani yaro allurar farko ya tsira, mu kuma har yau igiya ta gagare mu.

Duk lokacin da zancen ya taso a shirin da nake gabatarwa, hujja uku masu kira ke kawowa. Ta farko: kare na gadi ne, in an ɗaure shi mene ne amfaninshi? Gidanka aka ce ya tsare, ba hanyar lekol ba. Da dare ka rufe ƙofa ka sake shi cikin gida. Da rana, lokacin da mata da yara ke shiga da fita, ya koma turke. In za ka fita da shi, igiya a hannunka.

Ta biyu: jan kare da igiya ɗabi'ar Nasara ce. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa ya kalli mafarauta za su daji ba. Da igiya suke jan karnukansu, sai an isa fage a sake su. Ba daga Faransa suka koyo ba.

Ta uku: nawa ba ya cizo. Kai ne bai ciza ba, don kai ke ba shi tuwo. Kuma karen da ke kwana waje, ka san da wa ya yi faɗa jiya?

Sai dai ina da magana da wasu masu ɗaurewa, don abin da suke yi ba ɗauri ba ne, azaba ce. Za ka ga an zarga ma kare wayar ƙarfe ko siririyar igiyar leda, an ɗaure shi a tsakar rana cikin zafin watan Afrilu, ba ruwa, ba inuwa, wata da watanni. Wasu tun yana ɗan kwikwiyo aka sa mishi, ya girma, igiya ta nutse cikin nama. Wai don ya yi zafi. Zai yi zafin kuwa, amma ranar da ya tsinke, ɗanka zai fara samu kafin ɓarawo. Malamanmu sun sha ba mu labarin wanda aka gafarta ma saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kai da ka hana naka ruwa, me kake jira?

Abin bai da wuya. A wuya, madauri mai faɗi na fata. Duk badukun da ke ɗinka kayan doki zai yi maka shi, ga fata ba mu rasa ba a ƙasar nan. In ka ɗaura, ka sa yatsa biyu tsakaninshi da wuya: sun shiga, daidai ne, hannu duka ya shiga, zai zare kai. Kar ka yi ƙullin zarge, kuma kar ka kafa turke kusa da katanga, in ya yi tsalle ya rataye kanshi. Igiyar fita mita ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa. Ta turke ta fi haka tsawo, yadda zai kai inuwa da kwanon ruwa, da ƙarfe mai juyawa don kar ta murɗe. Karen da ke tauna igiya, sarƙa ce tashi, amma sarƙa a rana wuta ce. Kar ka naɗe igiya a yatsunka, kar ka ba yaro ƙarami ya ja babban kare. Kowane sati ka kwance madaurin, ka duba kaska da gyambo, ka wanke da sabulu. Rana na cin igiyar leda, tsatsa na cin sarƙa, fata kuma in ba a shafa mata mai ba tsagewa take. Kar ka bari sai ta tsinke.

Ku kuma magadan gari, bari sai an ciji mutane sannan a zuba guba a tituna ba aiki ba ne. Gubar ba ta tambayar kare mai gida ko marar gida, kuma bayan ɗan lokaci wasu sun cike gurbin. Masana sun nuna in an yi ma 70 cikin 100 na karnukan wuri allurar rigakafi, cutar na yankewa. Ku haɗa kai da ma'aikatan kiwo da masu unguwanni, a san kare nawa ke kowane kartiye da mai kowane. Ga 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon a duniya, ku mai da ita ranar allura. Nan ma sai da igiya, don ba wanda zai kai kare wurin likitan dabbobi a kafaɗa.

In ƙaddara ta afka, a wanke ciwon da ruwa da sabulu minti 15, a wuce likita ranar nan, ko da ƙarzuwa ce. Ba toka, ba barkono, ba jiran gobe. Karen kuma mai shi ya tsare shi aƙalla kwana 10, likitan dabbobi na dubawa. Wanda ya riga ya haukace, kar kowa ya ce zai kama shi da hannu.

Mai kare, ba wanda ya tilasta maka kiwo. Tun da ka ɗauka, ciyarwa taka ce, allura taka ce, igiya taka ce, in ya yi ɓarna kuma biya naka ne. In ba za ka iya ba, ka sayi kwaɗo ka rufe ƙofarka, ka bar ɗiyan mutane su je lekol lafiya. Allah ya tsare mu da iyalanmu.