Zauren Ɗalibai: Kuɗin Ƙofa, Tikiti Da Rasit A Gidajen Tarihin Birnin Kano

Tun da aka shiga wannan zangon karatu, tambayar da ta fi yawa a cikin wasiƙun da kuke aiko mana ita ce ta fita ziyarar gani da ido. Wasu sun ce ajinsu yana so ya je Gidan Makama amma ba su san ta inda ake farawa ba. Wasu sun tambaya ko tikiti ɗaya ya isa a zaga duk wuraren tarihin birni. Akwai ma wanda ya tambaya, cikin fushi, me ya sa ɗan Kano zai biya kuɗi kafin ya ga kayan kakanninsa. Duk tambayoyin nan suna kan hanya, kuma su za mu bi ɗaya bayan ɗaya a wannan makon.

Kowane gida da mai shi

Abu na farko da ya kamata ku riƙe shi ne, wuraren tarihin Kano ba a hannu ɗaya suke ba. Shi ya sa tikitin da kuka yanka a wuri ɗaya ba zai shigar da ku wani ba.

Gidan Makama, wanda yake daf da fadar Sarki ta ɓangaren Ƙofar Kudu, yana hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wato ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1979. Tarihin da aka gada ya nuna an gina gidan ne a ƙarni na 15, kuma Muhammadu Rumfa ya zauna a cikinsa lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun yi amfani da shi na ɗan lokaci wajen aikin mulkinsu. A yau za ku tarar da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da sauran kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da ɗakin amarya da jerensa irin na da, da hotunan Kano tun kafin a haifi kakanninku. Kada ku manta ku ɗaga kai ku dubi rufin. Da ƙasa da azara magina suka ɗaure shi, babu siminti babu ƙarfen rodi, ga shi har yau yana tsaye.

Gidan Ɗan Hausa kuwa yana wajen ganuwa, a unguwar Nassarawa, kuma yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Nan ne gidan Hanns Vischer, Baturen da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda yadda ya iya harshen. A Nassarawa ya buɗe makarantarsa a 1909, wadda ita ce makarantar boko ta farko da gwamnati ta kafa a Arewa. Duk wanda yake zaune kan benci a aji a yau, yana da dangantaka da wannan gida ko ya sani ko bai sani ba.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafin kafuwarta daga 1498, wurin sana'a ce. Mutanen da za ku gani a bakin rijiyoyin baba neman abincinsu suke yi, yawancinsu kuma gadon sana'ar suka yi. Kasuwar Kurmi, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take ci, kasuwa ce, ba a yankar tikiti kafin a shiga. Dutsen Dala, inda labarin Barbushe da Tsumburbura ya samo asali, yana tsakiyar unguwanni, mutanen wurin ne maƙwabtansa. Gidan Rumfa kuma fada ce, gidan da ake zaune a ciki, ba gidan ajiye kayan tarihi ba. Ba a shiga sai da izini, kuma makaranta ce za ta nema a rubuce.

Kun ga ke nan akwai na tarayya, akwai na jiha, akwai na masu sana'a, akwai na masarauta. Kowanne da irin sallamar da ake yi masa.

Kafin ranar tafiya

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kada aji guda ya kwashi jiki ya dira a ƙofar gidan tarihi ba tare da an san da zuwansa ba. Ga yadda ya fi dacewa.

Da farko, malamin tarihi ko malamin aji ya sa shugaban makaranta ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban gidan tarihin, a faɗi rana da lokaci da yawan ɗalibai da malaman da za su raka su. A kai ta da hannu aƙalla mako guda kafin ranar. Wasiƙar nan ita ce ke sa a tanadar muku jagoran da zai zaga da ku yana yi muku bayani, maimakon ku shiga kuna kallon kaya kamar baƙin kasuwa.

Wanda ya kai wasiƙar ya yi tambayoyi huɗu, ya rubuta amsarsu a takarda. Nawa ne kuɗin shiga na kowane ɗalibi a yanzu, tunda farashi yana canzawa, kuma abin da yayanku ya biya shekara uku da suka wuce ba lallai ne ya zama na bana ba? Akwai rangwame ga ɗalibai ko ga waɗanda suka zo a ƙungiyance? Ana barin ɗaukar hoto, kuma shi ma da kuɗinsa daban? Ƙarfe nawa ake buɗewa, ƙarfe nawa ake rufewa? Gidajen tarihi da yawa suna bambanta kuɗin yaro da na babba, da na ɗan ƙasa da na baƙo daga waje. Saboda haka ku je da kayan makaranta a jikinku, mai katin shaida kuma ya riƙe abinsa.

Sai lissafi. Kuɗin ƙofa kashi ɗaya ne kawai cikin abin da za ku kashe. Akwai kuɗin mota zuwa da dawowa, akwai ruwan sha, akwai ɗan ihsanin da ya kamata a yi wa marinan da suka ajiye aikinsu suka yi muku bayani. Ku haɗa duka, ku raba da yawanku, sannan ku ɗora kaɗan a kai. Wannan ɗan ƙarin shi zai ɗauki nauyin ɗaliba ko ɗalibin da iyayensa ba su da hali a wannan lokacin, ba tare da an kira sunansa a gaban aji ba. Fitar da aka bar mutum uku a baya saboda rashin kuɗi ba ta cika fitar aji ba. Idan aka fara karo-karo da wuri, kaɗan-kaɗan daga kuɗin tara, ba wanda zai ji nauyi.

Ku kuma lura da rana. Ranar Juma'a da hantsi zuwa azahar, kewayen fada da babban masallaci a cike yake. Kwanakin hawan Sallah ma haka. In da Dala a cikin shirinku, ku fara da shi da sassafe kafin rana ta buɗe, musamman a bazara.

A bakin ƙofa

Mutum ɗaya ne zai riƙe kuɗin, ya biya wa kowa a wurin da aka tanada don biya. A ƙirga ɗalibai a gaban mai karɓar kuɗi. Sannan a karɓi tikiti ko rasit mai ɗauke da yawan mutane da adadin kuɗin da aka biya. A kan wannan gaɓar nake so mu ɗan tsaya, domin ita ce zuciyar maganarmu ta yau.

A wurare da dama a ƙasar nan, inda duk ake biyan kuɗin shiga, za ka iya haɗuwa da wanda zai ja ka gefe ya ce ka ba da rabi ka wuce, ba sai an rubuta komai ba. Ga yaro mai ɗan canji a aljihu, wannan kamar garaɓasa ce. To amma ku tsaya ku yi tunani. Kuɗin da ba a rubuta ba bai shiga asusun kowa ba sai aljihun mutum ɗaya. Abin da ya fi wannan ma, ku da kuka shiga ba a ƙirga ku ba. A takarda, tamkar ba ku taɓa zuwa ba.

Me ya sa ƙirgar take da muhimmanci? Ginin ƙasa kamar jariri yake, kullum sai da kulawa. Yana buƙatar yaɓe kafin damina, da gyaran indararo, da sauya azarar da gara ta ci. Kuɗin tikiti shi kaɗai ba zai iya wannan aiki ba, dole sai hukuma ta sa hannu. Idan ma'aikatan gidan suka je neman kuɗin gyara, hujjar da ta fi ƙarfi a hannunsu ita ce yawan mutanen da suke zuwa. Gidan da littafin baƙinsa ya nuna ɗaruruwan ɗalibai a kowane zango, da wuya a yi watsi da shi. Wanda littafinsa yake fayau kuwa, shi ake fara mantawa. Saboda haka ku karɓi rasit, ku kuma sa hannu a littafin baƙi, ku rubuta sunan makarantarku da kyau.

In kuna son ganin abin da ke faruwa da kayan tarihin da ba mai tsaron ƙofarsa, ku dubi ganuwa. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, sarakunan baya suka faɗaɗa ta. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Amma ku bi ta gefenta a yau, ku ga inda aka ɗebe ƙasarta, da inda aka yi gini a kanta, da inda ta zama juji. Ba wanda ya taɓa biyan ko kwabo don ya kalli badala, ba kuma wanda yake rubuta sunan masu zuwa ganinta. Wannan ita ce amsata ga ɗalibin da ya tambayi dalilin da zai sa ya biya don ganin kayan kakanninsa. Domin naka ne shi ya sa za ka biya, kamar yadda mai gida ne yake sayen ƙasar yaɓen gidansa, ba baƙo ba.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A birnin Paris na Faransa akwai kati guda da baƙo zai saya na kwana 2 ko 4 ko 6, ya shiga gidajen tarihi da wuraren tarihi sama da 50 da shi. A babban gidan tarihinsu na Louvre, wanda bai kai shekara 18 ba kyauta yake shiga. A Ingila kuwa, tun 2001 aka cire kuɗin shiga manyan gidajen tarihi na ƙasa. Sai dai kada ku ɗauka kyautar daga sama ta faɗo. Harajin jama'a ne yake riƙe da su, kuma a can ma ana ƙirga duk wanda ya shiga.

Babu abin da zai hana Kano ta yi irin nata tsarin. A ce akwai tikitin ɗalibi guda ɗaya, mai sauƙin kuɗi, wanda zai shigar da yaro Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, a ware wa marinan Ƙofar Mata kasonsu a ciki, da makarantu da yawa sun riƙa fita. Abin da ake buƙata shi ne hukumomin da abin ya shafa su zauna a tabarma ɗaya. Ku ma kuna da bakin magana. Ƙungiyar muhawara ko ta tarihi a makarantarku za ta iya tattauna batun, ta rubuta wasiƙa cikin ladabi ta hannun shugaban makaranta. Ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara ita ce Ranar Gidajen Tarihi ta Duniya, kuma lokaci ne mai kyau na miƙa irin wannan wasiƙa.

Da kun shiga

Kada ku taɓa kaya sai an ce ku taɓa, domin gumin hannu yana lalata tsohuwar fata da takarda da ƙarfe. Kada a jingina da bango, kada a rubuta suna a jikinsa. A marina, ku yi sallama, ku gaida dattawa, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum yana aikinsa. Kowa ya riƙe littafi da biro, ya kuma shirya tambaya ɗaya tun daga gida. Ku tambayi jagora ta wace ƙofa Turawa suka shigo a 1903, da inda Sarki Alu yake a ranar. Ku tambayi marini kwana nawa ake jiƙa baba da toka kafin rijiya ta nuna. Gani ya kori ji, amma ganin da babu tambaya a cikinsa bai wuce kallo ba.

Aikinku na wannan makon shi ne, duk ajin da ya fita ya rubuto mana shafi ɗaya a kan abu guda da ya fi ba shi mamaki, ya haɗo da hoton rasit ɗinsa. Za mu buga waɗanda suka fi kyau a wannan zaure. Rasit ɗin kuma a manna shi a allon sanarwa na aji, domin duk wanda ya sa kuɗinsa a karo-karo ya ga inda suka tafi.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau, a gaida malamai.