Kada Mu Zubar Da Garin Gawayi

'Yan'uwana ɗalibai, a ganina ɓarna ce garin gawayin da ke zuba a wurin masu sayarwa a Zuba da Gwagwalada ya tafi a banza. Sabon gawayi kam ba taki ba ne, har yakan tsotse abincin shuka da fari. Amma in ya daɗe yana shan iska da damshi, iskar takan ci bayansa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Daga nan sai ya riƙa kama gishirin taki, ruwan sama ba ya wanke shi. Gawayi irin wannan ne ke cikin baƙar ƙasar Amazon ta Barazil, mai albarka. To, mu cuɗa namu da kashin shanu, ya yi watanni, kana mu kai gonar kwaleji.