Campbell: Yadda "mai karkataccen baki" ya zama sunan sarakuna da na jikokin bayi

Masu bin ƙwallon Turai ba su manta da ƙwallon da Sol Campbell ya jefa wa Barcelona da ka ba, a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai na 2006 a birnin Paris, kafin Eto'o da Belletti su juya wasan a kan Arsenal. Baƙar fata ne, haifaffen gabashin Landan, iyayensa ƴan Jamaika. Sunan da ke bayan rigarsa kuwa daga tsaunukan yammacin Sikotlan ya fito, daga wani harshe mai suna Gelik wanda masu magana da shi ba su kai dubu 60 ba a ƙidayar 2011. Tafiyar shekara fiye da 700 ce ta kawo sunan nan bayan rigar, kuma duk wanda ya bi sawunta zai yi wuya ya sake ɗaukar sunan iyali a matsayin shaidar jini.

Ana rubuta shi Campbell, ana furta shi Kambal. A harshen Gelik kalmomi biyu ne aka haɗa: cam, wato karkatacce, da beul, wato baki. Mai karkataccen baki ke nan. Laƙabi ne irin wanda abokai ke liƙa wa mutum tun yana yaro har ya bi shi kabari, kuma yana karɓar fassara biyu: ko bakin ne ya karkace a fuska, ko maganar da ke fita daga cikinsa ce ba ta miƙe ba. Maƙwabtansu na arewa ma ba su tsira ba, domin sunan Cameron, wanda tsohon firaministan Birtaniya David Cameron ke ɗauke da shi, yana nufin mai karkataccen hanci. Bahaushen da ya san Dogo da Jatau da Gajere ba zai ga wani abin mamaki a nan ba.

Mutum na farko da takardun tarihi suka tabbatar da wannan suna shi ne Gillespic Cambel, a 1263, kuma babu harafin p a yadda aka rubuta shi. Ɗansa Cailean Mor, wato Kolin Babba, shi ne wanda har gobe shugabannin dangin ke jingina kansu gare shi a kirarinsu. Arzikin gidan ya tashi ne lokacin da suka goya wa Robert Bruce baya a yaƙin da ya yi da Ingila, har Neil Campbell ya auri ƴar'uwar sarkin. Daga nan ƙasa ta yi ta ƙaruwa a hannunsu a yankin Argyll. A 1457 shugabansu ya samu sarautar Earl, a 1701 aka ɗaga ta zuwa Duke, wadda ita ce ƙololuwar sarautar masu ƙasa a can. A 1871 magajin gidan ya auri Louise, ɗiyar Sarauniya Victoria.

To, gidan da ya kai nan ba ya son a riƙa tuna masa cewa kakansa mai karkataccen baki ne. Sai masu tsara salsalar gidan, waɗanda aikinsu ya yi kama da na maroƙan fada, suka shiga nemo wa sunan asali mai daraja. Wani ƙauli ya ce daga de Campo Bello ya fito, wato "na kyakkyawan fili" da Latin, kuma wai kakansu jarumi ne daga cikin Normawan da suka ci Ingila da yaƙi. Da yawa daga masana suna ganin daga wannan ƙirƙira ce harafin p ya samu gindin zama a tsakiyar sunan. Wani ƙaulin ya kai su ga Diarmuid, jarumin tatsuniyoyin Ailan da ya kashe aladen daji, kuma kan aladen daji ne tambarin shugaban dangin har yau. Akwai ma salsalar da ta haɗa su da Sarki Arthur, wanda masana tarihi ba su ma tabbatar ya taɓa rayuwa ba. Gida ɗaya, kakanni uku, kowanne da zamanin da aka buƙace shi. Masana harshe dai sun tsaya a kan karkataccen baki, kuma hujjarsu ce ta fi ƙarfi, tun da tsofaffin takardu Cambel suka rubuta.

Ko a cikin Sikotlan ɗin, ba duk mai wannan suna ne ya gaje shi ba. Talakan da ke noma a ƙasar babban gida yakan ɗauki sunan mai ƙasar domin ya samu inuwa. A 1603 Sarki James na Shida ya haramta sunan MacGregor baki ɗaya, ya zama wanda ya amsa shi ransa na cikin haɗari, kuma ba a janye haramcin har abada ba sai a 1774. Mutanen wannan dangi suka bazu cikin sunayen wasu. Shahararren ɗan tawayen nan Rob Roy MacGregor ya yi shekaru yana sa hannu da Campbell, sunan gidan mahaifiyarsa. Babban hafsan sojan da Birtaniya ta tura ya murƙushe boren Indiya na 1857, Colin Campbell, da sunan Macliver aka haife shi a Glasgow, sunan kawunnansa ya ɗauka da zai shiga soja. Henry Campbell-Bannerman kuwa, firaministan Birtaniya daga 1905 zuwa 1908, ƙari ya yi: kawunsa ne ya bar masa gado bisa sharaɗin ya haɗa da sunan Bannerman, shi kuma bai yi gardama da dukiya ba.

A arewacin Ailan labarin ya sake wata kama. Akwai dangin da sunansu na asali Mac Cathmhaoil ne, mai nufin ɗan jagoran yaƙi. Da Ingilishi ya mamaye takardun hukuma, sai aka mayar da da yawansu Campbell saboda sautin ya yi kusa. Ba su haɗa kaka da mutanen Argyll ba, kunnen mai rubutu ne ya haɗa su.

Duk da haka, idan aka zo ɗora laifi, sai a manta da wannan duka a yi wa masu sunan kuɗin goro. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne kisan Glencoe. Bayan an tumɓuke Sarki James na Bakwai, sabon sarki William ya ba shugabannin dangogin tsaunuka wa'adi zuwa 1 ga Janairun 1692 su yi masa mubaya'a. Shugaban ƴan MacDonald na kwarin Glencoe, wani dattijo da ake kira MacIain, ya yi jinkiri, ya je wurin da ba a nan ake karɓar rantsuwa ba, aka tura shi Inveraray cikin dusar ƙanƙara, bai samu yin rantsuwar ba sai 6 ga wata. Gwamnati ta ga ta samu wanda za ta yi misali da shi. A farkon Fabrairu sojoji kimanin 120 suka sauka a kwarin ƙarƙashin Kyaftin Robert Campbell na Glenlyon, aka rarraba su gida-gida, aka ciyar da su, aka shayar da su kusan mako biyu. Da asubahin 13 ga Fabrairu suka tashi suka auka wa masu masaukinsu. An kashe mutum sama da 30, wasu kuma sanyi ya halaka su a kan duwatsu wajen gudu.

Cin amana ne tsagwaronsa, kuma babu al'ummar da ta san darajar baƙo da za ta kira shi da wani suna. Amma umurnin daga sakataren gwamnati John Dalrymple ya fito, Sarki William ya sa masa hannu. Jerin sunayen sojojin ya nuna ƴan kaɗan ne daga cikinsu suke amsa Campbell. Jami'in da ya karɓi rantsuwar MacIain a makare, ya aika da ita Edinburgh, shi ma Campbell ne. Binciken da aka yi a 1695 ya ce kisan kai ne aka yi, amma ba a hukunta kowa ba, Dalrymple ma daga baya girma aka ƙara masa. Abin da ya rage a bakin jama'a shi ne "ƴan Campbell sun kashe ƴan MacDonald", har akwai wani masauki a Glencoe da ya shahara da allon da ke cewa ba a karɓar ƴan talla da ƴan Campbell. Yanzu raha ce ake yi wa masu yawon buɗe ido, sai dai raha ce da ta yi wa gwamnati aiki: ta mayar da laifin hukuma rigimar ƙabilanci. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗora wa ƙabila guda laifin wani mai mulki ya san dabarar.

Abin da ya fi Glencoe nauyi, kuma aka fi yin shiru a kansa, shi ne yadda sunan ya tsallaka teku. Tsakanin 1698 da 1700 Sikotlan ta yi ƙoƙarin kafa nata mulkin mallaka a Darien, cikin Panama ta yau, abin ya watse da asarar rayuka da dukiya. Ɗaya daga cikin hafsoshin da suka tsira, John Campbell ɗan yankin Argyll, bai koma gida ba. Ya sauka Jamaika, ya kafa gonakin rake a Black River, ya yi arziki da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, ya riƙa janyo ƴan'uwansa daga gida har ya mutu a 1740. Cikin ƙarni guda ƴan Sikotlan suka cika tsibirin a matsayin masu gonaki, masu kula da bayi, likitoci da akawu.

Da majalisar Birtaniya ta soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 domin diyya, kuma masu bayin aka biya, bayin ba su samu ko sisi ba. Cikakken ƴanci bai zo ba sai 1838. Mutanen da aka raba da sunayen kakanninsu sai suka buƙaci sunan iyali domin coci da takardun hukuma. Wani ya ɗauki na mai gonar, wani na mai kula da su, wani na wanda ya tsaya masa ranar baftisma, wani kuma sunan ubansa ne na jini, Baturen da ya haife shi da baiwa, sau da yawa ba da yardarta ba. Shi ya sa Campbell yake cikin sunayen da suka fi yawa a Jamaika a yau. Daga can ne Veronica Campbell-Brown ta fito, wadda ta ci zinare a tseren mita 200 a gasar Olamfik ta 2004 da ta 2008. Ƴan Jamaika da suka tafi aikin layin dogo da gonakin ayaba a Kosta Rika sun tafi da sunan, kuma cikin zuriyarsu akwai Epsy Campbell Barr, baƙar fata da ta zama mataimakiyar shugaban ƙasar a 2018. Ita kuwa Naomi Campbell, tauraruwar tallan tufafi, daga mijin mahaifiyarta ta samu nata.

A nan ne maganar ta zama ta gaskiya da adalci. Sikotlan ta iya sayar da tarihin dangoginta: fadar Inveraray a buɗe take ga baƙi, shaguna na sayar da yadin dangi mai zane-zane da tambarin aladen daji, Amurkawa da ƴan Kanada masu wannan suna suna zuwa neman asali ana yi musu maraba. Babu laifi a ciki. Amma dangin da ya karɓi manomin da ya ari sunan, ya karɓi MacGregor da ya ɓuya a ciki, ya karɓi Macliver, ba shi da hujjar ba da tarihinsa ya tsallake Black River. Ba ana cewa ɗan Jamaika ya ɗaura yadin dangi ya yi alfahari da wanda ya bautar da kakansa ba ne, wannan zaɓinsa ne. Ana cewa ne kuɗin rake ya shiga gidajen Argyll da titunan Glasgow, kuma wanda ya gaji ɗaukakar suna ya gaji bayanin yadda aka tara ta. An fara motsawa, ko da yake a makare. Farfesa Geoff Palmer, ɗan Jamaika da ya yi rayuwarsa a Sikotlan, ya shafe shekaru yana tunatar da su wannan. A 2018 Jami'ar Glasgow ta wallafa rahoton da ya amsa cewa ta amfana da dukiyar bauta, a 2019 ta ƙulla yarjejeniyar fam miliyan 20 da Jami'ar West Indies, a 2022 kuma majalisun biranen Glasgow da Edinburgh suka nemi gafara.

Ɗan Nijar da ke zaune a Turai ko Amurka yana cikin farkon irin wannan tafiya, ko bai lura ba. A Maraɗi ko Damagaram mutum sunansa da na mahaifinsa yake amsawa, ɗansa kuma ya amsa nasa, sunan kaka ya sauka bayan tsara biyu. A can kuwa abin da aka rubuta a gurbin sunan iyali a fasfo shi ne zai hau kan ƴaƴa da jikoki, da irin rubutun da ma'aikacin ofishin magajin gari ya ga dama ya yi masa, ko da laƙabin kaka ne irin Baƙo ko Tanko ko Nomau. Jikan da ba ya jin Hausa zai ɗauke shi kamar yadda mafi yawan ƴan Campbell ke ɗauke da nasu, ba tare da sanin abin da yake nufi ba, sai dai idan uban ya zaunar da shi ya faɗa masa wane ne Baƙon, daga wane gari, kuma me ya sa aka kira shi haka.